Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar NAFDAC Kan Rubutun Jikin Kayan Shafa a Kasuwannin Sakkwato

Zuwa ga Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta hannun jami'in da ke riƙe da ofishin hukumar na Jihar Sakkwato.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da ma'aikatanki. Ni mace ce mai sana'ar gyaran amare da ƙunshi a cikin garin Sakkwato, ina kuma sayar da man shafawa da sabulu da turare a ɗan shagon da ke ƙofar gidanmu. Fatar mata nake taɓawa daga safe har dare, shi ya sa nake ganin abin da mayuka ke yi musu tun kafin maganar ta kai gaban likita. Kokena ɗaya ne. Dokar da kuka yi kan abin da za a rubuta a jikin kayan kwalliya doka ce mai kyau, amma a nan ba ta isowa hannun macen da aka yi ta dominta. A jikin babban kwali take tsayawa, a shagon ɗan sari, shi kuwa man ya wuce ɗakin amarya babu ko harafi ɗaya a jikinsa.

Na sa ɗiyata da ke jami'a ta karanta mini ƙa'idojinku na 2021 kan rubutun jikin kayan kwalliya, ta yi mini bayaninsu da Hausa. Abin da suka nema ba mai wuya ba ne: sunan kaya da ko mene ne shi, nauyi ko yawan abin da ke ciki, jerin sinadaran da aka haɗa, sunan kamfanin da ya yi da adireshinsa, lambar rukunin da aka sarrafa tare, ranar da aka yi da ranar da zai daina aiki, yadda ake amfani da shi da yadda ake ajiyewa, gargaɗi idan akwai, sai lambar rajistar hukumarku. Da ta gama na ce mata, da duk robar da ke shigowa shagona tana ɗauke da waɗannan, kuma da mai saye tana iya karanta su, da rabin matan da ke zuwa mini da ƙonanniyar fuska ba su zo ba.

Dalili kuwa shi ne man shafawa ba ya tona asirin kansa. Abinci idan ya lalace hanci da harshe za su gaya wa mutum. Man da aka zuba wa guba ƙamshinsa daɗi, laushinsa daɗi, kuma a makon farko fuska har sheƙi take yi. Babu wata hanya da mace za ta san abin da take shafawa sai wannan ɗan rubutu. Idan babu shi, ko yana nan amma ba ta gane shi ba, cinikin biri a sama ta yi, da kuɗinta da lafiyarta.

Bari in fara da harshe. Dokar ta wajabta a yi rubutun da Turanci, ba ta kuma hana a ƙara wani harshe ba. To amma wace ce mai sayen? A Sakkwato da Wurno da Gwadabawa da Tangaza da Tambuwal, mace ce wadda sau da yawa makarantar allo da Islamiyya ta yi, tana karanta ajami da Hausar boko sarai, amma Turancin jikin kwalba bai shige ta ba. Ko wadda ta gama sakandare, sunayen sinadarai na kimiyya ne, an rubuta su da ƙananan haruffa da ba su kai ƙwayar gero ba, sai an fita rana an ƙanƙance ido. Ga kuma matsayinmu na bakin iyaka. Daga nan zuwa Illela tafiya ce ta ɗan lokaci, ƙetarenta Birnin Ƙonni ne. Kaya da yawa suna shigo mana da rubutun Faransanci zalla, daga Kwatano da Togo da Kwaddibuwa. Wasu da Larabci suke zuwa, tsarabar Makka da Dubai, waɗanda mata ke karɓa hannu biyu don albarkar inda suka fito. Wasu ma da rubutun Sin ko na Tailan, wanda daga mai sayarwa har mai saye babu wanda ya san ko a miƙe yake riƙe da kwalin ko a kife.

Na taɓa ɗaukar wani kwalin man ƙara haske a Babbar Kasuwa, na juya shi gaba da baya. Hoton wata farar mace a gaba, hoton karas da lemo a gefe, rubutun duk Faransanci, babu lambar hukumarku, wurin kwanan wata kuma ya yi dishi-dishi kamar an goge da wani abu. Na tambayi yaron shagon abin da ke ciki. Ya ce, "Hajiya, wanga shi ka sa haske da sauri, kwana bakwai kin gani. Mata na ta sayenai." Iyakar bayanin da ke tare da kayan ke nan. Ban ga laifin yaron ba, shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa.

Roƙona a nan shi ne ku wajabta wa duk kamfanin da ke son kasuwar Arewa ya sa gargaɗi da yadda ake amfani da kaya da Hausa, a boko da ajami, da haruffan da ido zai gani. Ba jerin sinadarai nake cewa a fassara ba, wannan tsari ne na duniya da likita ke buƙata yadda yake. Kalmomi kaɗan nake nufi: kada mai ciki ta shafa, kada a shafa wa yaro, kada ya taɓa ido, a daina idan fata ta yi ja, zai daina aiki a wata kaza. Takardar naira 500 da ta 1,000 suna ɗauke da ajami, kamfanonin waya suna aiko mana da saƙo da Hausa idan suna neman kuɗinmu. Kamfanin da ya iya buga hoton karas mai launi huɗu ba zai gaza buga layi uku na Hausa ba. Ita kanta dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta ba mutum haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Kuma a ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa aika jajoji ƙauye-ƙauye suna kai wa mata ilimi da harshen da suke ji, ba baƙon abu muke nema ba.

Amma matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta ɗure da haɗi. Talauci ya sa mace ba ta iya sayen cikakkiyar roba. Sai mai shago ya sayi babba, ya riƙa awo da cokali yana ɗurawa a ƙananan robobi ko ya ƙulla a leda. Daga wannan lokaci mai ya rabu da sunansa, da ranar daina aikinsa, da gargaɗinsa. Sai kuma masu haɗi, waɗanda yanzu kusan kowace unguwa akwai su, suna tallarsu a WhatsApp da TikTok da Instagram. Za a samu roba babba a matse tub biyu ko uku a ciki, a tsiyaya wani ruwa daga ƙaramar kwalba, a zuba wani gari, a juya da muciya ko cokali, a ɗura a farar roba. Wata ta manna sitika mai sunan shagonta da lambar waya da alƙawarin cewa kayan itatuwa ne zalla. Wata ko sitikar babu.

Kwanakin baya aka kawo mini wata yarinya gyaran jiki, saura mako biyu ɗaurin aurenta. Da ta cire mayafi na ga kumatunta sun yi baƙi-baƙi kamar an ɗiga toka, goshi kuwa fari tas. Fatar damtsenta ta yi siriri har jijiyoyi kore suna nunawa, ga nankarwa ja mai faɗi a hammata da cinya, yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Na ce ba zan sa mata dilka ko halawa ba, don fatar za ta iya salewa. Na tambaye ta, "Ɗiyata, me kike shafawa?" Ta buɗe jaka ta fito da wata farar roba mai shuɗin murfi, babu rubutu ko ɗaya. Ta ce wata ƙawar yayarta ke haɗawa, kuma duk ranar da ta daina shafawa fuskarta ƙaiƙayi take yi da ƙuraje, dole ta koma. Na ce wa mahaifiyarta su tafi asibiti da robar. Da suka dawo uwar ta ce mini tambayar farko da likita ya yi ita ce me ke cikin man, kuma babu wanda ya iya amsawa, har da mai haɗin da aka kira a waya, don ita ma wasu kayan a ɗure ta saye su.

Ranki ya daɗe, kin fi ni sanin abin da ke cikin irin waɗannan robobi. Tub ɗin da ake matsewa yawanci magani ne mai ƙarfi na sitiroyid, irin wanda ake rubuta clobetasol ko betamethasone a jikinsa, wanda likita ke bayarwa na 'yan kwanaki don wata cutar fata. Idan aka mai da shi man kullum, shi ke sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya hana ciwo warkewa, har ya iya taɓa hawan jini da sukari. Haidirokwinon, sinadarin ƙara hasken fata, idan ya yi yawa kuma aka daɗe ana shafawa a ƙarƙashin rana irin tamu, shi ke kawo wannan baƙin tabo na kumatu mai wuyar fita. Sai zaiba, wadda a jikin kaya ake rubuta ta da mercury ko calomel idan an ga damar rubutawa. Ita ƙoda take ci da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, tana kuma manne wa tawul da zanin gado har ta shafi mijin da yaran da ba su taɓa shafa man ba.

Duk wannan kun hana. Ƙa'idojinku na 2019 sun haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun taƙaita haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, kuma a taron 2023 ƙasashen da ke cikinta sun amince a daina yin duk wani kayan kwalliya da aka zuba wa zaiba, da shigo da shi da fitar da shi, bayan 2025. Ke da kanki a 2023 kin ayyana shafe-shafen canja launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, kina kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da suka ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka. Mun ji, mun kuma yaba. Sai dai haramcin da ke kan takarda ba ya iya kama farar robar da ba ta da suna. Wa za a tuhuma? Wane rukuni za a janye daga kasuwa? Rubutun jikin kaya shi ne igiyar da ake bi a kai ga wanda ya yi shi, masu haɗi kuwa sun tsinke ta tun daga tushe.

Don haka ina roƙon ku fito fili ku faɗa, da Hausa, a gidan rediyon Rima da sauran tashoshin da mata ke saurare, cewa duk man da aka ɗura ko aka haɗa don sayarwa dole ya ɗauki suna da adireshin wanda ya haɗa, da abin da ke ciki, da ranar da aka yi shi. Ku kuma matsa wa manyan kamfanoni su riƙa yin ƙananan mazubai masu cikakken rubutu, kamar yadda aka yi wa madara da omo, don mai ɗan kuɗi ta samu na asali a rufe. Muddin babu ƙarami mai araha, awon cokali ba zai mutu ba, ko sau nawa aka kai samame.

Akwai kayanmu na gargajiya da su ma ya kamata a duba, ko da maganar ba ta yi wa wasunmu daɗi ba. Kwalli na farko. Iyayenmu sun sa mana, mun sa wa 'ya'yanmu tun ranar suna. Amma wani kwallin ana niƙa shi ne daga dutsen da dalma ce mafi yawan abin da ke cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar sama da kashi 82 cikin ɗari dalma ce. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayanin gubar dalma ba. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, sun binne yara sama da 400 saboda ita. Waccan daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Ba cewa nake a hana kwalli ba. Cewa nake a auna wanda ke kasuwa, a ware mai dalma da marar dalma, a sa alamar da uwa za ta gane a jikin mazubinsa.

Haka baƙin lalle. Lallen asali ja yake kamawa. Baƙin da ke kamawa cikin mintuna yawanci an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda wasu fatu ba sa ɗauka. Na ga hannun amarya ya kumbura, zanen furen ya tashi ya zama ƙuraje masu ruwa daidai yadda aka zana shi, da ya warke kuma tabon ya zauna. Kwalin rinin gashi na kirki yakan zo da gargaɗin a gwada a ɗan wuri a jira kwana biyu. Amma mai ƙunshi a ƙulli take sayen garin, gargaɗin yana can a kwalin da aka yar a shagon sari.

Maganar ajiya gajeruwa ce amma ta shafe mu fiye da kowa. Kaya da yawa an rubuta a ajiye su a inda zafi bai wuce 30 a ma'auni ba. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40, kayan kuwa suna kan tebur ko cikin baro a tsakiyar rana, mai ya narke ya rabu da ruwansa, yamma ta yi ya sake daskarewa. Kwanan watan da ke jiki bai san da wannan ba. Ga kuma masu goge tsohon kwanan wata su buga sabo. Idan jami'anku sun fito zagaye, ina roƙon su duba inda aka ajiye kaya, ba lamba kaɗai ba.

Ita ma lambar akwai magana a kanta. Tun zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, mutanenmu suka koyi tambayar "yana da lambar NAFDAC?" Wannan babbar nasara ce. Amma macuta ma sun koya, suna buga lambar ƙarya ko su ari ta wani kaya daban. Ga magungunan zazzaɓin cizon sauro kun kawo tsarin kankare sitika a aika lamba ta saƙon waya, amsa ta dawo nan take. Me zai hana a yi wa mayukan ƙara haske haka, tunda su ma ana yi musu jabu? Saƙon waya nake nufi, wanda ƙaramar waya ke iya aikawa, don ba kowace mace ce ke da data da babbar waya da za ta shiga intanet ba.

Kada kuma a ɗauka ina neman a kashe wa mata sana'a. Akwai mata masu tsoron Allah a garin nan da ke yin sabulun salo da man kaɗanya da humra da turaren wuta da dilka, kaya masu tsabta, da su suke ciyar da marayu suna biyan kuɗin makaranta. Da yawansu suna son yin rajista, amma da sun ji an ce sai ta intanet, sai an zo duba wurin aiki, sai an kai samfur ɗakin gwaji, sai gabansu ya faɗi su koma ɗaki su ci gaba a ɓoye. Wadda ke ɓoye kuwa ba ta sa adireshinta a jikin roba. Ku buɗe musu teburi a ofishinku na Sakkwato da mace mai jin Hausa za ta zauna da su, ku ba su samfurin sitika da za su cike, ku bar su su haɗu ƙungiya-ƙungiya su yi amfani da wurin aiki ɗaya da aka duba. Idan mai gaskiya ta samu hanyar fitowa fili da sunanta a jikin kayanta, mai saye za ta fara gudun robar da ba ta da suna da kanta.

Ina kuma ba ku shawara ku nemi malamanmu da fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, kamar yadda aka yi a lokacin rigakafin shan inna. Hujjar tana cikin addininmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ɓoye abin da ke cikin mai, da goge kwanan wata, da rubuta nauyin da bai cika ba, duk algus ne. Ɗan kasuwar Sakkwato idan ya ji wannan daga bakin limaminsa ranar Juma'a zai fi shigarsa fiye da takardar gargaɗi da aka manna a ƙofar kasuwa da Turanci.

Mu masu gyaran amare da masu ƙunshi a shirye muke mu zauna da jami'anku. Mu ne ke ganin amarya kafin kowa, kuma tana jin maganarmu. Ku sa mana rana kafin lokacin bukukuwan bayan salla, ku zo da samfurin kwali na gaskiya da na jabu mu riƙe a hannu, ku nuna mana inda ake duba kwanan wata da lamba da sunayen sitiroyid da haidirokwinon da zaiba, ku kuma ba mu lambar wayar da za mu kira idan aka kawo mana roba marar suna. Ni zan tattaro wa jami'anku irin robobin da mata ke barin mini a shago, don a kai su ɗakin gwaji a gaya mana abin da ke ciki.

Allah Ya taimake ki a kan wannan aiki.

Taki,
Wata mai gyaran amare da sayar da kayan shafa,
Sakkwato.